Wa ke ciyar da ɗa in aure ya mutu?

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya, maza da mata, ga wata magana da ta shafi kowane gari. Aure yana mutuwa. Mace ta kwashe kayanta ta koma gidansu, da goyo a baya, da wani yaro riƙe da bakin zanenta. To, daga ran nan wa zai ba yaran nan hatsi? Wa zai yi masu tufafin salla? In zazzaɓi ya kama su, wa zai biya kuɗin magani?

Wani namiji yakan ce: "Tunda ta tafi da su, na bar mata su, babu ruwana." Wata mace takan ce: "Na yafe mashi ƴaƴan, ni dai ya ba ni takardata." Wani kuma ya ba ƙanwarshi ɗa riƙo, ya ɗauka ya sauke kaya ke nan har abada.

Wannan gardama ta daɗe. Kakanninmu sun yi ta. Malamai sun yi rubutu bisa kanta. Nasara sun zo da tasu doka, gwamnatin Nijar ma ta yi tata. Za mu bi tarihin daki-daki, mu ji abin da kowane zamani ya ce. Za mu tarar hannun da ke riƙon yaro yana sauyawa, amma nauyin ciyar da shi yana nan bisa wanda ya haife shi. Sau ɗaya doka ta bar waɗansu iyaye maza suka zame, kuma za mu ga abin da hakan ya haifar.

Zamanin gandu da rumbu ɗaya

A zamanin da, gidan Bahaushe babban gida ne. Mai gida da ƙannenshi da ƴaƴanshi maza da matansu duk suna cikin darni ɗaya. Suna da babbar gona ɗaya, ita ce gandu. Kowa yana aiki cikinta mafi yawan kwanakin mako. Sauran kwanakin ya je ƴar gonarshi, wadda ake kira gamana ko gayauna. Hatsin gandu yana shiga babban rumbu, kuma mai gida ne ke da ikon buɗe shi. Daga nan ake ci, musamman da damina lokacin noma. Daga nan ake biyan haraji, a yi wa samari aure.

Cikin wannan tsari, ɗa na gidan uba ne. Zanen dangin uba ake yi mashi a fuska. Sana'ar uba yake gada, ko ƙira ce, ko farauta, ko wanzanci. In aure ya mutu, mace tana tafiya da mai shan nono. In an yaye shi, ko in ya yi wayo, sai a maido shi gidan uba. Kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa ta riƙe shi. In uba ya mutu, wanshi ko ƙanenshi ya tsaya a madadinshi. A waɗansu gidajen Anna, waɗanda ke bin addinin gargajiya, ƙane yakan ɗauki matar wanshi da ya rasu, don ita da ƴaƴan su zauna cikin gida.

Saboda haka tambayar wa zai ciyar ba ta da wuya a lokacin. Rumbun gandu ne zai ciyar. Daji yana da yawa, mutane kaɗan ne, kowane yaro hannun noma ne na gobe. Gardamar da ake yi ita ce ta wanda zai samu yaron, domin kowa yana son shi.

Amma tsarin yana da ɗacinshi, kuma uwa ce ke sha. Ita ta ɗauki ciki, ita ta yi goyo, ita kuma za a raba da ɗan. Shi ya sa mata da yawa suka daure wa auren da ba su so. In an tambaye su, sai su ce zaman ƴaƴa suke yi. Har yau ana jin wannan magana.

Riƙo

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Tun da can, yara da yawa suna tasowa a hannun waɗanda ba su haife su ba. Ɗan fari, wanda iyaye ke jin kunyarshi har ba su faɗin sunanshi, sau da yawa kakanni ke ɗaukar shi bayan yaye. Matar da Allah bai ba haifuwa ba, ƴan'uwanta sukan ba ta yarinya. Maraya kuma dangi ke ɗauka.

Akwai wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ana kiran ta Baba ta Karo. An haife ta a 1877, ta rasu a 1951. Ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Baba ba ta taɓa haifuwa ba, amma ta riƙe ƴaƴan dangi har ta aurar da su. Labarinta ya nuna yadda riƙo yake a ƙasar Hausa kafin zuwan Nasara da bayan zuwansu.

Riƙo yana da ƙa'idodi, ko da ba a rubuce suke ba. Uwar riƙo tana ciyarwa, tana tufatarwa, tana hori, tana yi wa yarinya kayan ɗaki. Yaro kuma yana yi mata aike da talla da ɗiban ruwa. Amma sunan uba ba ya sauyawa. Gado yana nan gidan da aka haife shi. In auren yarinya ya zo, ana sanar da ubanta ko danginshi. In riƙon ya lalace, ko mai riƙon ta rasu, yaro gidan uba yake komawa. Haka ma yaron da aka ba malam ya tafi da shi karatu: malam yana riƙe da amana ne, uba yana nan uba.

Akwai riƙon da ba na daɗi ba, shi ne na yunwa. A 1913 damina ta yi gardama, sai aka shiga babbar yunwa ta 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Ƙaƙalaba. Mutane da yawa sun mutu. Waɗansu iyaye suka miƙa ƴaƴansu ga masu hatsi, waɗansu suka ba da su jingina, don kada su mutu a gabansu. Ko a nan ma, in wadata ta dawo, dangi sukan bi sawu su fanso nasu. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abin da Musulunci ya zo da shi

Musulunci ya shigo biranen Hausa wajen ƙarni na 14. Wajen 1492 babban malami Almagili ya biyo ta ƙasar Abzin ya isa Kano da Katsina, ya yi wa sarakuna nasiha bisa shari'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya fara jihadi a 1804. Daga nan alƙalai da littattafan fikihu suka ƙara yawa. A fadar Damagaram da ta Agadas da ta Maraɗi akwai alƙalai da limamai masu raba gardama.

Mazhabar da muke bi ita ce ta Imamu Malik na Madina, wanda ya rasu a 795. Littafin da almajiranmu suka fi sani cikinta shi ne Risala, ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yanzu. Ya rasu a 996. Manyan malamai kuma suna karanta Muhtasar na Shehu Halilu na Masar.

Waɗannan littattafai sun raba abu biyu da al'ada ta haɗa. Na farko reno, wato wanda yaro zai zauna hannunshi. Na biyu nafaƙa, wato ci da sha da tufafi da wurin kwana.

Reno na uwa ne. A Malikiyya, in aure ya mutu, ɗa namiji yana hannun uwarshi har ya balaga. Ɗiya mace tana hannun uwarta har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu, ko ta auri wani bare, reno yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan ƴar'uwar uwa.

Nafaƙa kuwa bisa uba take, ko yaro yana gidanshi ko ba ya nan. Zai ciyar da ɗa namiji har ya balaga yana da lafiyar nema. Zai ciyar da ɗiya mace har ta tare gidan miji. Zai yi gwargwadon ƙarfinshi: mai yawa da yawa, mai kaɗan da kaɗan. Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu na shayarwa, ya ɗora ci da tufafin mai shayarwa bisa uban ɗa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta umarci miji ya ciyar da matar da ya saka da ciki har ta haifu, ya kuma biya ta ladan shayarwa.

Akwai labarai biyu da malamai ke kawowa. Hindu, matar Abu Sufyan, ta kai ƙara wurin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Ta ce mijinta marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta ita da ɗanta. Annabi ya yi mata izini ta ɗiba daga dukiyarshi abin da zai ishe su, ba tare da ɓarna ba.

Na biyu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Sayyidina Umaru ya rabu da uwar ɗanshi Asimu. Wata rana ya je Ƙuba, ya ga yaron yana wasa, sai ya ɗauke shi ya aza bisa dabbarshi. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce a bar mata yaron. Umaru, duk da girmanshi, bai ƙara cewa komai ba.

A ƙauyukanmu al'ada da littafi sun zauna tare, kowa yana jan nashi. Littafi ya ce har balaga. Al'ada ta ce a maido yaro bayan yaye, ko in ya kai shekara 7. A wurare da yawa al'ada ce ta rinjaya wajen reno. Amma wajen ciyarwa bakinsu ɗaya ne: uba ne.

Ana iya yafe ɗa?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Malaman Malikiyya sun yarda uwa tana iya yafe renonta. Sun kuma yarda, in mace tana son ta fanshi kanta daga aure, wato kul'i, tana iya ɗaukar alkawarin ciyar da jaririnta har yaye a maimakon dukiya. Amma sun sa sharaɗi. In ta talauce ta kasa, uba ne zai ciyar, daga baya ya bi ta bashi in ta samu. Dalili shi ne abincin hakkin yaro ne. Uwa da uba ba su da ikon yin cinikin da zai bar shi da yunwa.

Uba kuma ba ya iya fita daga ubanci da baki. Ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne. In yana musun ɗan, akwai hanya ɗaya mai nauyi, ita ce li'ani, rantsuwar da miji da mata ke yi gaban alƙali, wadda ke raba su har abada. Wanda ya yi fushi ya ce wa ɗanshi "na sallama ka, ba ni ba kai", maganarshi ba ta cire ɗan daga gado, ba ta kuma sauke mashi nafaƙa.

Mai riƙo ma ba ya zama uba na jini. Zaidu ɗan Harisa ya taso hannun Annabi. Ubanshi da baffanshi suka zo Makka don su fanshe shi, shi kuwa ya zaɓi ya zauna. Mutane suka riƙa kiran shi Zaidu ɗan Muhammadu. Daga baya, cikin Suratul Ahzab, aka yi umarni a riƙa kiran irin waɗannan ƴaƴa da sunan iyayensu maza. Sai ya koma Zaidu ɗan Harisa, ƙaunar da ke tsakaninsu kuwa ba ta ragu ba. Saboda haka riƙon maraya aikin lada ne babba, amma ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonshi. In mai riƙo yana son ya bar mashi wani abu, sai ya yi mashi kyauta tun yana da rai, ko ya yi wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarshi ba.

Zamanin Nasara

A 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar, sa'an nan aka maida shi Yamai. Wata doka ta 1903 ta tsara shari'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Ta ce a maganar aure da saki da ƴaƴa da gado, a yi wa ƴan ƙasa hukunci da al'adarsu, muddin ba ta saɓa wa abin da Faransa ke kira wayewa ba. A 1931 aka sake gyara tsarin. Kumandan yana bisa kujera, da dattawa biyu masu sanin al'ada a gefenshi, da tafinta a tsakani. A 1939 wata doka, wadda ake kira da sunan minista Mandel, ta hana a tilasta wa matar mamaci ta zauna hannun magajin mijinta in ba ta so.

Su Nasara suna da tasu doka, wadda aka rubuta a Faransa a 1804. Ta ce miji da mata, su biyun, suna ɗaukar nauyin ciyar da ƴaƴansu da renonsu tun ranar da suka yi aure. Amma ta hana ɗan da aka haifa ba cikin aure ba ya nemi ubanshi a gaban shari'a. Sai a 1912 aka sassauta wannan hani a Faransa. Ko a lokacin, sabuwar dokar ta ba gwamnonin ƙasashen mallaka ikon hana matan ƙasa cin moriyarta.

Ga abin da ya biyo baya. Sojoji da ma'aikata da ƴan kasuwa na Faransa sukan ajiye matan ƙasa muddin suna wurin aiki. In wa'adinsu ya cika, da yawa sukan koma gida su bar mata da ƴaƴa. Uwa ba ta da inda za ta kai ƙara. Sai gwamnatin mallaka ta buɗe gidaje don tara waɗannan yara ruwa biyu. Akwai irin wannan gida a Zinder. Ana kiran su marayu, alhali iyayensu maza suna da rai, iyayensu mata ma suna nan. Sau da yawa an raba su da uwayen ba da son ransu ba. A 1930 aka yi dokar da ta ba su hanyar zama ƴan ƙasar Faransa, amma takarda ba ta maido masu da uba ba. Wannan shi ne abin da ke faruwa in doka ta bar uba ya zame: ɗa ya rasa uba, ya rasa uwa kuma.

Akwai wani abu da zamanin Nasara ya kawo wanda ya taɓa kowane gida, shi ne kuɗi. Haraji ya koma na kuɗi, bisa kowane kai. Ga aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin sayarwa, daga baya nomanta ya bazu a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Samari suka fara tafiya biɗa, waɗansu Kano, waɗansu har Kurmi. Wanda ya samu kuɗinshi da guminshi sai ya so gonarshi da rumbunshi. A hankali gandu ya fara rabewa.

Bayan ƴancin kai

Nijar ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960. Dokar 16 ga Maris 1962, wadda ta tsara gidajen shari'a, ta bar maganar aure da saki da ƴaƴa da gado a hannun al'adar masu ƙara. Alƙalin gwamnati yana zama da masu taimaka mashi waɗanda suka san al'ada, sau da yawa malamai ne. Wanda ya yi aurenshi bisa dokar da aka gada daga Faransa, da ita ake yi mashi hukunci. Dokar hukunta laifuka ta 1961 kuma ta sa watsi da iyali cikin laifuka.

Dokar da aka gada daga Faransa ta san wani irin ɗaukar ɗa wanda ya bambanta da riƙo. A nan alƙali ne ke yanke hukunci, yaro ya ɗauki sunan wanda ya ɗauke shi, ya kuma gaje shi. Ana yin wannan galibi ga jaririn da aka tsinta, ba a san iyayenshi ba. Ba a yin shi da maganar baki tsakanin mutum biyu.

An sha ƙoƙarin rubuta dokar iyali guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar Matan Nijar, wadda aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kountché, ta sa hannu cikin aikin. A 1993 aka fito da daftari, ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ƙi shi, aka ajiye. A 2011 aka sake gwadawa, nan ma aka janye. Saboda haka al'ada da fikihu da dokar gwamnati suka ci gaba da tafiya tare.

A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hakkin yara, Nijar ta shiga cikinta a 1990. Yarjejeniyar ta ce iyaye ne na farko wajen ɗaukar nauyin yaro. Ta ce gwamnati ta taimaka a karɓo abin ciyar da shi daga mai nauyin, ko yana cikin ƙasa ko yana waje. Ta kuma ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gida. A 2004 aka sake dokar gidajen shari'a, aka ƙara cewa al'adar da za a yi hukunci da ita kada ta saɓa wa yarjejeniyoyin da ƙasa ta shiga. A 2018 aka sake sabunta dokar. Shi ya sa alƙalin gwamnati, in za a raba gardamar reno, yakan duba inda yaro zai fi samun lafiya da kulawa.

Rumbu ya koma aljihu

Dokoki sun ƙaru, amma wahalar ciyar da yaran da aurensu iyayensu ya mutu ba ta ragu ba. Me ya sa? Domin abin da ke ciyarwa ya sauya.

Ƙidayar 1977 ta tarar da mutum miliyan 5 da ɗan wani abu a Nijar. Ƙidayar 2012 ta tarar da sama da miliyan 17, kuma wajen rabinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Gonaki sun rarrabu wajen gado har sun zama ƙanana. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, ya kori mutane zuwa birane. Na 1984 ya ƙara. Maza suka yawaita tafiya cin rani Najeriya da Kodibuwa da Libiya da Aljeriya. Wani ya aiko da kuɗi, wani a daina jin ɗuriyarshi.

A da, in uba ya gaza, babban rumbu yana nan, baffanni suna nan. Yanzu kowa da ɗan rumbunshi, abinci kuma sau da yawa daga aljihu yake fitowa. Ga lakwal, ga likita, duk da kuɗi. Yaron da ake rububin samu a da, yanzu waɗansu suna turawa juna shi. Sai nauyin ya gangara bisa uwa, da kaka, da mijin uwa wanda ke riƙe da agola. Bazawara tana daka, tana tuyar ƙosai, tana sayar da fura, don ta cika abin da littafi da al'ada suka ɗora wa wani.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Mafi yawansu daga ƙasar Kance suka fito. Dalilan tafiyarsu suna da yawa. Amma lissafin kaɗai ya nuna waɗanda suka ɗauki yara suka shiga hanya neman abinci.

Abin da ya kamata mu riƙe

Ƴan'uwa, ga abin da tarihin nan ya koya mana.

Na ɗaya, saki yana kashe aure, haifuwa tana nan. Uban da ya saki uwa bai saki ɗa ba. Zamanin gandu ya faɗi haka, littafin malamai ya faɗi haka, dokar gwamnati ta faɗi haka.

Na biyu, reno daban, ciyarwa daban. Kada uba ya ce sai an ba shi yaro zai ciyar. Kada uwa ta hana uba ganin ɗanshi don bai kawo hatsi ba. Ta nemi hatsin ta hanyarshi.

Na uku, wanda ya ba da ɗa riƙo ya riƙa leƙawa. Ya san abin da yake ci, da inda yake kwana, da irin aikin da ake sa shi. Haka ma wanda ya ba malam ɗa. Zumunta a ƙafa take.

Na huɗu, a yi wa kowane yaro takardar haifuwa da wuri, da sunan ubanshi da na uwarshi. In an makara, sai an je gaban alƙali kafin a samu.

Na biyar, in aure ya mutu, a zauna a yanke maganar yara tun ran nan. Tiya nawa ta hatsi, ko jika nawa a wata? Wa zai yi tufafi? Wa zai biya magani da kayan lakwal? A yi gaban shaidu, a rubuta, kowa ya riƙe takarda. In ba a daidaita cikin dangi ba, akwai mai gari da sarki, waɗanda doka ta ba ikon sulhu. Akwai malamai. In duk ya faskara, akwai alƙalin gwamnati, kuma mace tana da ikon kai ƙara da kanta.

Talauci gaskiya ne, shari'a ma ta san da shi. Ba ta ce matalauci ya ba da abin da ba shi da shi ba. Ta ce ya ba da gwargwadon ƙarfinshi. Dami ɗaya da kaka, da sabulu, da zuwa gaisuwa ranar kasuwa, yaro ba ya mance su. Ba ya kuma mance wanda ya wuce shi a hanya kamar bai san shi ba.

Ku tattauna wannan magana a dandali da zauren mai gari, maza da mata. Ku tambayi tsofaffi yadda ake yi a garinku a da, ku gwada da yadda ake yi yanzu. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Amin.